Gurbin da Malam Fensir Ya Bari

Duk wanda ya taɓa zuwa ofishin Malam Haruna ya san babu allon suna a ƙofarsa. Ƙusa ce guda ɗaya, da guntun kwali a rataye da zare, an rubuta sunansa da na sashenmu da na ma'aikatarmu da fensir. Tun muna Legas haka yake. Da aka ce gwamnati ta tattara ta koma Abuja, kowa yana ta ɗaure fayiloli da kujeru, shi kuwa filaya ya aro ya zare ƙusarsa, ya naɗe ta a hankici tare da kwalin, ya jefa a aljihu.

Na ce, "Malam, a Abuja ba a sayar da ƙusa ne?"

Ya ce, "Ban je ba tukuna, ban sani ba. Wannan kuwa na san ta."

Daga wannan kwalin ya samu laƙabin Malam Fensir. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana suna zama wuri ɗaya, sai ga shi nasa ya liƙe masa har kabari. Maganarsa kullum ɗaya ce, ku da kuka zauna da shi kun haddace ta: "Rataya, kada ka liƙa." Mun yi masa dariya har muka gaji. Sai dai a 'yan shekarun nan na ƙaura an canja wa ma'aikatarmu suna sau uku, a haɗa ta da wata, a raba, a sake haɗawa. Takardunmu masu tambari suka ƙare a wajen mai ƙosai ta bakin get. Shi kuwa duk ran da sanarwa ta fito, sai ya ciro kilina daga aljihun gaba, ya goge layi ɗaya, ya hure, ya rubuta sabo, ya koma kujerarsa.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauko wannan zance. Ladi, wadda ke riƙe da sashen kwamfuta yanzu, ta kira ni bayan sadakar arba'in. A cikin aikin da Malam ya bari akwai wani gurbi da ya hana a cike tun farko, su kuma suna so su sa sunansa a ciki don girmamawa. Ta ce tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka faro aikin da shi, abin da na ce shi za a yi. Na ce ta ba ni mako guda. Gaskiya ban san me zan ce ba, domin ina da tsohuwar jiƙaƙƙiya da wannan gurbi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba ne: abin da Malam ya rubuta muna kiransa laburare, amma ba na littattafai ba. Tarin ƙananan ayyuka ne da ake rubuta wa kwamfuta sau ɗaya, duk mai yin sabuwar manhaja ya ɗauka ya yi amfani da su, kamar yadda maƙwabta ke aron turmi. Wani aikin yana jera sunayen ma'aikata, wani yana lissafa shekarun aiki, wani yana buga takarda. Kowane aiki yana da suna, kuma bisa al'ada akan liƙa musu duka sunan gida ɗaya a gaba, don a san daga inda suka fito. Kowa sunan ma'aikatarsa yake sawa, ko na kamfaninsa. Malam ya ƙi. Ya bar wurin sunan gidan babu komai, ya tsara shi yadda sai a lokacin haɗawa, wato lokacin da ake mayar da rubutun ya zama manhajar da na'ura za ta iya gudanarwa, mai haɗawar zai faɗi sunan da yake so. In ka manta ba ka sa ba, na'urar ta tsaya cak, ta rubuto maka da Hausa: "Sa suna tukuna."

Wata rana darakta ya shigo zagaye, aka nuna masa aikin. Ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce, "Haruna, ina sunan ma'aikata a nan? Kayan gwamnati ne fa."

Malam ya miƙe tsaye cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanne daga ciki? Na bara, ko na bana, ko wanda ake raɗe-raɗinsa a kantin abinci?"

Darakta ya ce a sa na bana. Malam ya buga, ya haɗa, ya nuna masa, darakta ya tafi yana murna. Bai kai ƙarshen baranda ba Malam ya mayar da gurbin yadda yake. Bayan wata biyu aka canja sunan, bayan wata huɗu aka canja daraktan.

Tawa jiƙaƙƙiyar tun a Legas ta faro. Lokacin ina sabon ɗauka, jinina yana tafasa, aka ba ni aikin da ya fi kowanne wuya: tsarin da zai jera ma'aikata don rabon gidaje a Abuja, a duba matsayin mutum, da shekarunsa a aiki, da yawan iyalinsa. Wata uku na yi a kansa. Da ya yi kyau, sai na bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya na liƙa musu sunana a gaba. Isiyaku kaza, Isiyaku kaza, wuri fiye da ɗari biyu. Na buga a takarda na kai wa Malam ina jiran yabo.

Ya sa tabarau ya karanta tun daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Aikin ya yi. Wane ne Isiyaku?"

Na ce, "Ni ne mana, Malam."

"Na san kai ne. Ita na'urar ta san ka?"

"To ai don ta san ni na sa."

Ya miƙo mini takardun ya ce, "Je ka cire. In ka tashi haɗa naka, ka sa sunanka, ka ƙara da na kakanka in kana so. Amma na mutane ka bar musu gurbi."

Kwana biyu na yi ina cire kaina da hannuna. Ba wannan ne ya fi yi mini ciwo ba. Da lokacin ƙarin girma ya zo, na shiga gaban kwamiti, suka ce in nuna abin da na yi. Na nuna. Suka ce ina shaidar ni na yi, ba su ga sunana ko'ina ba. Na ruga wurin Malam, ya zauna ya rubuta mini takardar shaida mai kyau, shafi biyu cur, babu abin da ya rage. Da fensir. Kwamiti suka ce ba sa karɓar takardar da ake iya gogewa. Na koma na ce ya maimaita da biro, ya ce ba shi da biro, kuma ba ya aro. Kafin in samo masa an tashi daga zaman. Shekara biyu na ƙara a matakin da nake. Na yi fushi da shi sosai, kuma ko da muka shirya, abin bai taɓa fita daga raina ba.

Wasunku suna nan ranar da gurbin ya yi rana, don haka ba zan ƙara gishiri ba. Mun iso Abuja ke nan, gari duk jar ƙasa da katafila, sai aka haɗe mu da wata ma'aikata. Su ma sun kwafi laburaren Malam tun a Legas, suka gyara shi daidai da dokarsu: su suna ƙirga girma daga ranar da aka ɗauki mutum aiki, mu daga ranar ƙarin girmansa na ƙarshe. Aka ce a fitar da jerin gidaje guda ɗaya, amma kowane ɓangare a bi masa dokarsa, in ba haka ba ƙungiyar ma'aikata ta ce ba mai karɓar makulli. Wato dole laburare biyu su zauna a cikin manhaja ɗaya. Aka gwada, na'ura ta ƙi, domin duk ɓangarorin biyu sabon sunan ma'aikatar suka sa, ga ayyuka bibbiyu masu suna iri ɗaya, ba ta san wanda ake kira ba.

A waje kuwa manyan motoci sun riga sun sauke iyalai. Mata da yara zaune a kan katifu da buhunan tukwane a gindin bishiya, tun safe ba wanda ya san ko Garki za shi ko Karu. Wani mai ba da shawara da aka ɗauko ya ce sai an sake rubuta ɗaya daga ciki, aikin mako shida ne. Sabon darakta ya riƙe kai.

Malam ya dawo daga sallar azahar yana sakace. Ya saurari bayani, ya tambayi mutanen ɗaya ma'aikatar, "Ku a wane gefen baranda aka ba ku ofis?"

Suka ce gabas.

Ya zauna ya haɗa nasu da sunan gabas, ya haɗa namu da sunan yamma, ya gyara wuraren da ake kiran kowanne, ya ɗora su wuri ɗaya. Kafin la'asar firinta ta fara kuka. Darakta ya rasa inda zai sa shi don daɗi, ya ce ya faɗi abin da yake so a yi masa. Malam ya yi tunani, ya ce in ba damuwa a bar masa tsohon ribon ɗin firintar, yana iya sake jiƙa shi da tawada.

Muna fita ya dafa kafaɗata, ya nuna mini mutanen da ke ɗora kaya a ka. Ya ce, "Ka ga da sunanka yana nan a liƙe a duka biyun, da yau waɗannan a nan za su kwana suna ambatonsa. Kuma ba da alheri ba."

Yana da gaskiya, ni kuma ina da shekara biyuna da suka tafi.

A gida ma bai canja ba. Da aka tashi bikin babbar 'yarsa, aka ce a buga robobin rabo da sunan amarya da ango. Ya je kasuwa da kansa ya sayo robobi farare tas, ya yanka kwali ƙanana, ya ɗaura wa kowace da zare. Dangi suka yi ta surutu. Abin da ya ragu ya kai sito. Bikin ta biyu ya zo, ya fito da su ya canja kwali. Ta uku ma haka. Har yau a gidana akwai roba uku iri ɗaya, ban san wacce ce ta wa ba.

Mutum ɗaya ce na san ta kayar da shi, matarsa Hajiya Turai. Da ta buɗe shagon atamfa a kasuwar Gudu, ya kawo mata allo mai ƙugiya biyu, ya fara yi mata bayanin amfaninsa in an tashi kasuwa. Ta bari ya gama. Washegari ta kira mai fenti ya rubuta sunanta a jikin bango da jan fenti, harafi kamar tsawon hannu. Ya zo ya tsaya yana kallo.

Ya ce, "Hajiya, wannan ai ba ya fita."

Ta ce, "Shi ya sa. Ni ba kwamfutarka ba ce. In an tashi kasuwar, su tashi da bangon."

Ya ɗauki allonsa ya dawo da shi ofis, muka riƙa rubuta jadawalin hutu a kai.

Ni daga baya aka mayar da ni wani sashe, muka koma haɗuwa a masallaci da wajen biki. Laburaren kuwa ya yi ta yawo. Wannan ofis ya kwafa, wancan ya kwafa, kowa ya haɗa da sunansa, har aka kai ba wanda ya san asalinsa. Gab da ritayar Malam aka gayyace mu duka zauren taro, wai wani ɗan kwangila ya kawo sabuwar manhaja daga ƙasar waje. Mutum ne mai kwat da turare, yana ta zuba Turanci, yana cewa ƙwararru ne suka yi shekaru a kanta. Ya ce bari ya haɗa ta a gabanmu mu gani da idonmu. Ya danna. Na'ura ta tsaya cak, ta rubuto a babban allo, gaban manyan ma'aikatar gaba ɗaya: "Sa suna tukuna."

Wani daga kujerun baya ya ce ashe ƙwararrun ƙasar waje suna jin Hausa. Na juya ina neman Malam, na ce yau dai Allah ya kama ɓarawo. Sai na gan shi ya taso a hankali, ya je ya sunkuya kusa da mutumin, ya ce, "Ɗana, layi na huɗu ka manta. Me kake so a sa?" Mutumin ya faɗi sunan kamfaninsa. Malam ya buga masa, abu ya tashi, ya dawo ya zauna.

A waje na tare shi. Na ce, "Malam, aikinka ne fa, da nawa. Mutum ya sace ya zo yana sayar mana, kai kuma ka gyara masa?"

Ya ce, "Ai kowa ya gani, ba sai na yi magana ba. Ni abin da na je dubawa, ko gurbin yana aiki a hannun baƙo. Yana yi."

Na ce, "Wato kai ba ka damu a san ka ba."

Ya ce, "Wanda nake so ya san ni ya san ni." Ya duba agogo ya ce zai wuce Gudu, Hajiya tana jira a rufe shago.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Na je duba shi sau biyu a asibiti a Gwagwalada, muka yi hirar mutanen da da tsadar gari, ba mu taɓo zancen aiki ba. Bayan rasuwarsa Hajiya Turai ta tattara wani kwalin takalmi cike da tsofaffin faifan kwamfuta, kowanne da rubutun fensir a jiki, ta aika wa Ladi, ta ce ita ba ta san abin da za ta yi da su ba.

Ranar da mako ya cika na je ofishin Ladi da amsata a baki. Na yanke shawarar cewa a sa sunansa, a liƙa shi da kyau yadda ba mai iya cirewa. Rabin dalilina girmamawa ce, rabin kuma, Allah ya yafe mini, ramuwa ce.

Ladi 'yar Karshi ce, Hausarta irin ta Abuja, Malam kuwa Baba take ce masa. Ta ce, "Oga, kafin ka yi magana, zo ka ga wani abu. Mun samo tsohon mashin da yake karanta faifan nan. Akwai wani fayil, kullum shi Baba yake fara kunnawa in ya zo ofis. Ni ban gane shi ba sam."

Na ja kujera. Ɗan gajeren gwaji ne, bai kai layi goma ba. Duk wanda ya yi irin wannan gurbi dole ya riƙa tabbatar da cewa yana aiki, kuma hanyar ɗaya ce: ka haɗa laburaren sau biyu da suna biyu daban, ka zaunar da su wuri ɗaya, ka ga ko za su yi faɗa. Don haka ko Malam sai da ya zaɓi suna biyu ya ajiye wa kansa. Na biyun ya rubuta "wani". Na farkon ya rubuta "isiyaku". Na duba ranar da aka fara ajiye fayil ɗin, tun muna Legas ne, a makon da na yi kwana biyu ina cire kaina.

Ladi ta ce, "Oga, wannan kai ne ko wani Isiyaku ne?"

Na ce ni ne. Shekaru talatin da wani abu ina cewa mutumin nan ya goge ni, ashe kowace safiya da sunana yake buɗe aiki, kuma bai ga dalilin gaya mini ba. Na ji haushinsa, na ji kunyar kaina, kuma na yi kewarsa ƙwarai, duk a zama ɗaya.

Ta ce, "To gurbin fa? Mu sa sunan Baba?"

Na ce, "A'a. Ku bar wa mutane gurbinsu. Miƙo mini kibod ɗin."

Na goge "wani", na rubuta "haruna". Muka kunna gwajin. Na'ura ta haɗa na farko, ta haɗa na biyu, ta zaunar da su wuri ɗaya, ba su yi faɗa ba. Na ce wa Ladi su mayar da fayil ɗin cikin aikinsu su riƙa kunna shi kullum, kuma duk wanda ya zo bayanmu yana da ikon canja sunayen in ya ga dama. In Malam ya tambaye ni ranar da muka haɗu, ina da amsa: ratayawa na yi, ban liƙa ba.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya Turai da yaran haƙuri. Ya Allah, bawanka ya ƙi liƙa sunansa a ko'ina a duniya. Ka rubuta masa shi cikin bayinka na gari, da abin da ba ya goguwa. Amin.